Jakar Fata Tsakanin Hunturu da Damina

Ranar Lahadi idan kasuwar Illela ta ci, fata iri biyu ke gifta juna a kan hanya. Ɗaya ɗanya ce, an barbaɗe ta da gishiri an ɗaure dami-dami, ta nufi Sakkwato da Kano. Ɗayar kuma ta riga ta zama jaka, da zif da ƙarfe mai ƙyalli, ta fito daga Cana ko Turkiyya ko Aba, wata ma gwanjo ce. Matan Gidan Katta da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela, da 'yan uwansu na Birnin Ƙonni a tsallaken iyaka, daga wannan kashi na biyu suka fi zaɓen jakar biki da ta lefe. Shekara ɗaya ko biyu sai ƙorafi ya biyo baya: jaka tana saɓa, hannu ya tsage, ta yi fumfuna a cikin akwati, launi ya koɗe.

Tambayar da ake yi kullum ita ce, me zan shafa mata? Masu ba da amsa kuwa ba su ƙarewa. Wannan ta ce basilin, waccan ta ce man gyaɗa, wani ya ce a kai wa ɗan shushaina ya goga mata Kiwi, wata ta ce ai omo da buroshi sun isa, a shanya a rana. A intanet kuma ana tallar mayukan gwangwani waɗanda masu yin su ba su taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba. A ganina an soma tambayar daga tsakiya. Abu uku ne ake kira jakar fata a kasuwanninmu, kuma abin da ke gyara ɗaya yana iya kashe ɗaya, don haka sai an san me ke hannu tukuna.

Na farko ba fata ba ne sam. Ƙyalle ne aka shafe shi da roba aka buga masa zanen fata, kuma shi ya fi cika rumfuna. Gane shi ba wuya. A duba inda aka yanke, bakin aljihu ko ramin maɗauri: in an ga saƙar zare ko soso a ƙarƙashi, roba ce. Zanenta iri ɗaya ne daga wannan gefe zuwa wancan, ƙamshinta na sabon takalmin roba, kuma in an ɗiga mata ruwa sai ya gangare ba tare da ya bar alama ba. Irin wannan jaka ba ta shan mai, ko an shafa a sama yake zama ya tara ƙura. Zafi da laima ne ke ruguza robar a hankali, ko ana riƙe jakar ko tana ajiye, shi ya sa amarya kan buɗe akwatin lefe bayan shekara biyu ta tarar da jakar da ba ta taɓa fita da ita ba tana zubar da ɓawo. Kulawarta ba ta wuce a goge da ɗanyen tsumma, a nisanta ta da rana, a kuma yi ta amfani da ita tun tana da rai. Idan ta fara saɓa an gama. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, sai dai abin haushin shi ne sau da yawa kuɗin fata ake biya a karɓi roba.

Na biyu fatar kamfani ce, wadda aka jeme da gishirin kurom. Wani Ba'amurke, Augustus Schultz, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1884, kuma yau mafi yawan fatar duniya da ita ake jima, har da wadda masana'antun Challawa da Sharaɗa a Kano suke fitarwa waje. Aikin da bagaruwa kan ɗauki kwanaki tana yi, kurom cikin yini guda yake gamawa. Fatar takan fito da laushi, tana jure ruwa da zafi, kuma yawanci ana rufe fuskarta da siririn fenti. In an duba bakin yanka akan ga tsakiyarta da ruwan toka mai ɗan shuɗi. Jakunkunan gwanjo masu kyau galibi irinta ne. Ita ce mafi haƙuri: tsumma mai laushi da aka jiƙa aka matse sosai, ɗan kumfar sabulun jarirai in datti ya kama, a sake gogewa da tsumma mai tsabta, a bar ta ta sha iska a inuwa. Babban maƙiyinta shi ne duk abin da ke narkar da fenti, wato fetur, kalanzir, ruwan goge farce, turaren fesawa da sanitaiza. A 2020, lokacin korona, jakunkuna da yawa sun yi fari-fari a wajen hannu saboda sanitaizar da ba ta bushe a tafin mai riƙo ba.

Na uku ita ce tamu ta gida, wadda ake jemewa da bagaruwa, kuma a kanta nake son in daɗe. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, tana cikin dabbobin da fatarsu ta fi daraja a duniya. Fatar siririya ce amma zaruruwanta a matse suke, fuskarta kuma tana da ƙananan ƙuraje masu tsari waɗanda ba inji ne ya buga su ba. Ƙarnuka ayarin raƙuma suna ɗauke da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta tsallaka Turai inda aka riƙa sayar da ita da sunan fatar Maroko. Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke barin birnin har zuwa Tarabulus. Daga farkon ƙarni na 20 kuma masu ɗaure littattafai na Ingila suka riƙa neman fatar akuyar nan musamman, domin sun lura bangon da aka yi da ita yana daɗewa bai ruɓe ba. Har yau akwai masu wannan sana'a a shiyar Madunka a Sakkwato, da majemar Ƙofar Wambai da unguwar Dukawa a Kano, kuma a Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata, NILEST.

Wanda ya tsaya a majema ya kalli aiki daga fari zuwa ƙarshe ba ya buƙatar wani ya karanta masa dokokin kula da jaka. Majemi yakan fara jiƙa fata ta yi taushi. Sai ya tsoma ta cikin ruwan toka, ta kwana biyu ko uku, har gashi ya saki. Ya ɗora ta a kan gungume ya kankare gashin da ragowar nama da wuƙa mai hannu biyu. Daga nan ta shiga ruwan kashin tantabara ko na kaji, wasu kuma ganyen fatakka suke sawa, don ta saki jiki. Sannan a daka bagaruwa, a jiƙa, a tsoma fata ana juyawa ana murzawa da hannu har ruwan ya ratsa ta ciki da bai. Bagaruwar nan ita ke ɗaure zaruruwan fata ta hana su ruɓewa. A ƙarshe a shafa mai, a shanya, a yi ta ja ana miƙarwa ana bugawa har ta yi laushi. Rini kuma aikin baduku ne ko marinin fata: ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, kore kuma, wato korino, daga garin tagulla.

A lura da inda toka ta shigo. Majemi yana amfani da ita ne don ta ci fata, ta kumbura ta, ta tsinke gashi, kuma da ta gama aikinta yake wanke ta fes. Jemammiyar fata abu ce mai ɗan tsami a ɗabi'arta. Toka, kanwa, sabulun salo, omo da bilic kuwa duk kishiyar tsami ne. Idan mace ta wanke jakar Madunka da omo, tana warware aikin bagaruwa ne da hannunta: ruwan wankin zai fito ja-ja, ta ɗauka datti ne ke fita, alhali jimar ce da man da ke ciki suke tafiya. Jakar za ta bushe ta yi tauri, ta yi duhu, kwana kaɗan ta fara tsagewa a wajen lanƙwasa. Garin neman gira an rasa ido.

A lura kuma da yadda ake samun baƙi. Kuloko ruwan ƙarfe ne, kashin maƙera ko guntayen ƙarfe da aka jiƙa suka yi tsatsa. Shi kansa ba baƙi ƙirin ba ne, sai ya haɗu da bagaruwar da ke cikin fata sannan wurin ya koma baƙi nan take, kuma baƙin ba ya wankuwa. Abin da baduku ke yi da gangan, shi ke faruwa da kuskure idan aka rataye jaka a ƙusa mai tsatsa a bangon da ke jiƙa da damina, ko makulli ya kwana a aljihunta da laima, ko aka goge ta da ruwan tsohon duro. Tabo baƙi ko shuɗi-shuɗi ya fito, a rasa daga ina ya zo. Ruwan lemun tsami yakan rage shi, amma yana iya tafiya da launin wurin, saboda haka sai a gwada a ƙasan jaka inda ido ba ya kaiwa. Wannan gwajin a ɓoyayyen wuri ya zama doka kafin a sa wa kowace jaka kowane abu.

Ruwa shi kaɗai ba ya kashe fata. Yadda ake busar da ita ne ke kashe ta. Matar da ruwan sama ya kama a kan kabu-kabu tsakanin Illela da Gidan Katta, da ta isa gida abin da zuciyarta ke ba ta shi ne ta aje jakar kusa da murhu, ko da safe ta baza ta a kan rufin kwano. Jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa tana ƙanƙancewa idan zafi ya kai wajen digiri 70 zuwa 80, kuma in ta ƙanƙance ba ta komawa. Kwanon rufi da gaban gilashin mota a rufe suna iya kusantar wannan zafi a watan Afrilu, lokacin da iskar Sakkwato kanta ke haura digiri 40. Abin yi shi ne a zazzage kayan ciki, a danna tsumma busasshe a kan jakar ya tsotse ruwan ba tare da an goga ba, a cusa mata tsofaffin zannuwa don ta riƙe siffarta, a aje ta a inuwa inda iska ke wucewa. Kwana ɗaya ko biyu ta bushe. In ruwan a gefe guda ya taɓa ta, gara a bi dukan fuskar da ɗanyen tsumma ta jiƙe daidai, in ba haka ba zobe zai fito a iyakar inda ruwan ya tsaya.

Sai batun mai, inda aka fi samun saɓani. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse laimar komai. Yadda diddigen mutum ke yin faso in ba a shafa masa mai ba, haka jaka take yi, sai dai ita tsagarta ba ta warkewa. To dole ne a sa mai, amma wanne, kuma nawa? Majemi da man gyaɗa yake aiki, wannan gaskiya ne, amma shi yana sawa ne a jiƙaƙƙiyar fata ya murza har ya shige, ya san kuma gwargwado. A hannun mai jaka man gyaɗa da man shanu sukan yi yawa, su yi ɗoyi da zafin bazara, su gayyato tururuwa da ɓera. Basilin ba ya ɗoyi, sai dai yana zama a sama da danƙo, ƙurar hanya ta manne masa, ta taru a bakin ɗinki tana cin zare. Kiwi mai launi na takalmi ne, takalmi kuwa ba ya goguwa da farin mayafi. Ni abin da na fi yarda da shi a cikin abin da ke kusa da mu shi ne man kaɗanya mai tsabta, in so samu a narkar da shi da ɗan kakin zuma. A fara kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, musamman a lungun ɗinki, domin mai a kan ƙura laka ce. A laƙato kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya, a murza a tafin hannu ya narke, a shafa a tsumma, sannan a bi jakar da tsumman a zagaye. A bar ta ta kwana, da safe a goge da busasshen ƙyalle har ta daina kama yatsa. Sau ɗaya a farkon hunturu, sau ɗaya a ƙarshensa, ya wadatar. A sani fa kowane mai yana ƙara wa fata duhu, kuma fatar da aka goge fuskarta ta zama kamar karammiski ba ta son mai ko kaɗan, buroshi kawai take so.

Damina kuma akasin haka ce, kuma a nan ne son jaka ke cutar da ita. Mace takan naɗe jakarta mai tsada a leda, ta ƙulle, ta sa a ƙasan akwati don kada ƙura ta taɓa ta. Cikin Agusta laima ta shiga ledar ta rasa hanyar fita, man da aka shafa da yawa ya zama abincin fumfuna. Rigar matashin kai ta auduga ta fi leda nesa ba kusa ba. A cusa wa jakar tsumma, a tsayar da ita a kan kanta maimakon a danne ta da kaya, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a riƙa fito da ita tana shan iska lokaci-lokaci. In fumfunar ta riga ta fito, a fita da jakar tsakar gida a kakkaɓe a bushe, a goge da ruwan kal da aka sirka da ruwa daidai wa daida, a bar ta a inuwa ta bushe sarai kafin a mayar. Jakar da ake fita da ita kullum da wuya ta yi fumfuna. Ta ajiya ce ke yi.

Yawancin ɓarna ma daga ciki take farawa. Kwalbar humra da murfinta bai rufu ba, biro, jan baki da ya narke, ruwan leda da ya huje, guntun goro, kwalli. Ƙaramar jakar ƙyalle da za a zuba waɗannan a ciki ta fi duk wani maganin tabo. In mai ko turare mai maiƙo ya zuba, kada a goga. A barbaɗa garin sitaci ko hoda da kauri, ya kwana, a kakkaɓe, a maimaita. Tawadar biro a fatar bagaruwa kuwa gara a haƙura ko a kai wa baduku, don duk abin da zai cire tawadar zai cire rini. Zif in ya fara cijewa, a goga masa kyandir. Koren datti da kan taru inda ƙarfen tagulla ya haɗu da fata, tsinken sakace ke fitar da shi.

Ba zan rufa wa dukawanmu asiri a kan abu biyu ba, domin su ne ke kora mata zuwa rumfar roba. Na farko zuba. Da yawa sun bar karan dafi sun koma galurar kasuwa, ba su kuma tsayawa su kama launin yadda ya kamata, sai jaka ta rina wa mace gefen leshi ranar biki. Mai saye ta jiƙa bakin farin hankici ta goga a ƙasan jaka tun a gaban mai rumfa; in ya ɗauko launi sosai, ta aje. Wadda ta riga ta saya, siririn shafin kakin zuma da gogewa mai kyau suna rage zubar. Na biyu wari. Fatar da ba a wanke ruwan kashin tantabara daga jikinta da kyau ba, ko aka yi gaggawar fitar da ita daga bagaruwa, takan riƙe warin majema, kuma da damina yake tashi. Fesa turare ba ya korar sa, haɗuwa suke yi su ba da wani wari na uku, ga kuma tabo. Iska a inuwa na kwanaki, da ƙullin gawayi a cikin jakar, sun fi aiki. Wani laifin ma ya girmi majemi: wuƙar mai fiɗa da ta zabtare fata ranar layya, ko shanya ɗanyar fata a ƙasa cikin rana har ta ƙone. Irin wannan rauni ba ya bayyana sai jaka ta yi wata shida a kafaɗa.

Duk da haka, mai shakkar ƙarkon wannan fata ya leƙa zauren wani tsohon malami ya dubi gafakar Alƙur'aninsa, ko ya dubi zabirar wanzami. Akwai gafakar da ta ga jikoki, ta yi duhu ta yi sheƙi, ba a taɓa saya mata man gwangwani ba. Ana rataye ta a inuwa, ruwa ba ya taɓa ta, hannu yana shafar ta safe da yamma, maiƙon hannun kuwa ya ishe ta. Bambancinta da jakar mata shi ne ba a cusa mata waya biyu da caja da kwalbar ruwa a rataya a kafaɗa ɗaya, shi ya sa maɗaurinta ba ya miƙewa.

Maɗauri da hannu su ne ke fara mutuwa a kowace jaka, saboda gumi, man shafawa da nauyi. Da an ga zare ɗaya ya tsinke a gindin hannu, lokacin zuwa wajen baduku ya yi. Kada a ɗiga sufa gulu. Yana sandarar da fata, ta karye a gefensa, kuma basilla ba ta huda wurin daga baya. Baduku zai iya sake ɗinki a tsofaffin ramuka, ya sa ƙarin fata ta ciki, ya canza shafi, ya mayar da jan da ya koɗe ya zama baƙi da kuloko idan tabo ya yi yawa. Ko jakar gwanjo ta kamfani da jikinta ke da sauran ƙarfi, yakan yanka mata sabon maɗauri na kirgi. Sai dai a gaya masa tun farko ya yi amfani da ƙusoshin tagulla, kada ya sa na baƙin ƙarfe, kuma a nemi ganin fatar da zai yanko kafin a yi ciniki.